Tayil ɗin roba na LVT a Legas: na gam ko kilik, kuma wane daɓe ne zai ɗauke shi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Masana, ina neman shawara kafin in saki kuɗi. Wuri biyu ne. Akwai gidan zama a bene a Surulere, ɗaki uku da falo, ƙasansa tsohon tarazo ne. Sai shagon atamfa da leshi a Agege, a ƙasa yake, ya kai murabba'in mita 40, daɓen siminti ne. Ana ta nuna min tayil ɗin roban nan mai kama da katako da ake ce wa LVT. Wani ya ce na gam, wani ya ce kilik, kowa da farashinsa. Wanne ya dace da ina?

Malam Habu mai kaya: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara raba kayan tukuna, domin a kasuwa abu huɗu ake haɗawa a kira su da suna ɗaya, alhali ba iri ɗaya ba ne.

Akwai laminet. Shi ba roba ba ne sam, garin katako ne aka matse aka manna masa hoto a sama. Ruwa ya shiga gaɓarsa ya kumbura, kuma ba ya komawa. Akwai siririn nan mai gam a bayansa, wanda ake ɓare takarda a liƙa, kaurinsa milimita 1.5 zuwa 2. Sai LVT na gam, wanda bayansa busasshe ne, sai an shafa gam a daɓe a ɗora shi, kaurinsa 2 zuwa 3. Na ƙarshe shi ne SPC, wanda ake ce wa kilik. Cikinsa garin farar ƙasa ne aka gauraya da roba, shi ya sa yake da tauri da nauyi. Gefensa na da haƙori da rami masu shiga juna, ba a sa masa gam, kaurinsa 4 zuwa 6.

In mai shago ya rikita ki, ki karɓi guntu ki jefa a bokitin ruwa ya kwana. Laminet zai tashi da kumburarren baki, LVT da SPC yadda suka shiga haka za su fito.

Injiniya Bala: Ƙari a kan maganar Malam Habu. Kaurin allon gaba ɗaya ba shi ne ma'aunin ƙarko ba. Allon nan hawa-hawa ne: akwai gindi, akwai ciki, akwai takardar hoton katakon, sai wata fata garai-garai a samanta. Wannan fatar ita ƙafa ke ci. Ranar da ta ƙare, hoton ya fara gogewa, shi ke nan an gama, ko da allon ya kai kaurin bulo.

Kaurin fatar nan ake tambaya. Milimita 0.2 bai wuce ɗakin baƙi ba. 0.3 ya isa ɗakin kwana da falon da ba a cika zirga-zirga ba. 0.5 ko 0.55 shi ne na shago da ofis da falon gidan yawa. 0.7 na asibiti ne da makaranta da manyan kantuna. A wasu kwalaye za ki ga an rubuta 12 mil ko 20 mil. Wannan ma'aunin Amurka ne, ba milimita ba ne: 12 mil shi ne 0.3, 20 mil shi ne 0.5. Ana yawan cin mutane a nan.

Sannan ki nemi lambar aji a jikin kwalin. 21 zuwa 23 na gidan zama ne, 31 zuwa 34 na wurin kasuwanci, 41 zuwa 43 na ƙananan masana'antu. Shagonki kada ya sauka ƙasa da 33.

Maman Ilham: Na gode Injiniya. To wanda aka nuna min an ce milimita 5 ne, ba a yi maganar fata ba.

Injiniya Bala: Milimita 5 ɗin ma ki tambaya ko har da soson da ke manne a bayansa. Sau da yawa allon 4 ne, soson 1. Ba laifi ba ne, amma ki san abin da kika biya.

Oga Sale mai shimfiɗa: Hajiya, ni ra'ayina a fili yake. Shago a sa na gam mai fatar 0.55. Kilik a kan daɓe kawai yake kwance, haƙoran nan ne suka riƙe shi, su kuwa kaurinsu bai fi milimita ɗaya da ɗoriya ba. A shago ana jan dila, ana tura kanta, ana gangaro da kaya a amalanke. Duk nauyin da ya bi ta kan gaɓa haƙorin yake sha. Yau ya tsage a wuri ɗaya, gobe gaɓar ta buɗe, yashi ya shiga, ba ta sake rufuwa. Na gam kuwa ya zama jiki ɗaya da daɓen. In allo ɗaya ya lalace a gasa shi da na'urar hura zafi, a yanka tsakiyarsa a ɗaga, a kankare tsohon gam, a sa sabo. Aikin minti ashirin. Na kilik in allon tsakiyar ɗaki ya karye, sai an cire sikatin, wato abin da ke rufe gindin bango, an warware tun daga bango har a iso wurin.

Malam Habu mai kaya: Oga Sale, ban musa maka a kan shago ba, amma ka faɗa mata kuɗin da ke ɓoye a na gam. Allon ya fi araha, gaskiya ne. To gam fa? Simintin lebul fa, mai ruwa-ruwan nan da ake zubawa ya daidaita daɓe? Na gam siriri ne kuma yana lanƙwasa, duk abin da ke ƙarƙashinsa sai ya nuna. Ƙwayar tsakuwa ɗaya in aka manta, bayan wata biyu za ta fito kamar ƙurji a fuskar allon, musamman in hasken ƙofa ya kwanto a kai. In an haɗa lissafi, sau da yawa kunnen doki suke yi da kilik.

Gidan Surulere kuwa kilik ne maganinsa. Tarazo a miƙe yake, a bushe yake, a bene yake. Soson bayan allon yana rage ƙarar tafiya ga na ƙasa. In kuma gidan haya ne, ba a taɓa tarazon mai gida ba, ranar tashi a warware a tafi da shi.

Oga Sale mai shimfiɗa: A kan gidan na yarda. Tarazon da ya sha man goge ƙasa shekara da shekaru ma gam ba ya kama shi sai an wanke man tas an goge fuskar da inji. Kilik ya fi sauƙi a nan. Sharaɗi ɗaya: a ɗora renjin alminiyam, wato miƙaƙƙen sanda mai mita 2, a wurare da yawa, a tsaye da a kwance da a karkace. In akwai ramin da ya wuce milimita 3 a ƙarƙashin renjin, a cike shi. Kada a ce ai allon mai tauri ne zai tsallake. Zai tsallake, amma duk takun da aka yi sai ya lotsa a wurin, ana jin ƙas-ƙas, ƙarshenta haƙorin ya karye.

Baba Tanko birkila: Yara kuna ta maganar allo, ba wanda ya tambayi abin da ke ƙarƙashin shagon. Hajiya, da damina gindin bangon shagon yana yin danshi? Fenti na ɓamɓarewa daga ƙasa? Ana ganin farin gishiri a jikin daɓen?

Maman Ilham: Baba, fentin yana ɗan kumbura a lungu ɗaya ta baya, wajen kwata. Daɓen dai a ido a bushe yake.

Baba Tanko birkila: To nan maganar take. Daɓen da ba a rufe ba yana numfashi, laimar da ta taso iska ke kwashewa, shi ya sa kike ganinsa a bushe. Ranar da aka lulluɓe shi da roba, laimar ba ta da hanyar fita. Legas ruwa a kusa yake da ƙasa, kuma gine-gine da yawa ba a shimfiɗa leda ba kafin a zuba jaman fulo, wato kankaren ƙasan gini.

Injiniya Bala: Baba ya taɓo jijiyar aikin. Kalmar da ake tallar kayan nan da ita, wai ruwa ba ya yi masa komai, rabin gaskiya ce. Allon kansa ba ya shan ruwa. Amma gam ɗin yana sha. Laimar da ke tasowa ta cikin siminti tana ɗauke da kaifi irin na kanwa, tana narka gam ya koma kamar koko. Alamominsa: bakin allo ya ɗaga, tsakiya ya yi ƙulu, in an taka wani farin ruwa mai yauƙi ya ɓullo ta gaɓa. A ƙarƙashin kilik kuma ruwan taruwa yake yi, ya yi baƙar funfuna, ɗaki ya riƙa warin rima. A shagon atamfa wannan warin kaya yake kamawa.

Gwajin da kowa zai iya yi: a yanko leda mai kauri, fara garai, kamar santimita 45 ko 50 kowane gefe. A liƙe bakinta huɗu da salatif a kan daɓen, a wuri huɗu ko biyar, har da lungun kwatar nan. Ƙa'idar gwajin awa 16 ce aƙalla, ni na fi son a bar ta kwana biyu zuwa uku. In an ɗaga aka ga raɓa a cikin ledar, ko simintin wurin ya yi duhu, ba a shimfiɗa komai a haka. In ba a ga komai ba, kada a saki jiki gaba ɗaya, musamman in da rani aka gwada. Gwajin watan Janairu ba ya ba da labarin watan Yuni. Tabbaci sai da na'urar auna laima. Masu yin gam da yawa sun gindaya kada laimar iskar cikin daɓe ta wuce kashi 75 cikin ɗari.

Maman Ilham: In an samu laimar fa, shi ke nan an haƙura?

Injiniya Bala: Ya danganta da irinta. In laima ce kawai mai tasowa a hankali, akwai magani. A fara gyara kwatar da ke jiƙa bangon. A goge daɓen da inji a cire fenti da maiƙo da duk abin da ya saki. A share, a zuƙe ƙura. A shafa ifoksi na tare laima hannu biyu, na biyun ya gitta na farkon, don kada a bar ƙofar allura. In ya bushe a shafa faraima, wato ruwan da ke sa sabon zubi ya kama, a zuba simintin lebul aƙalla milimita 3, sannan gam. In kuwa ruwa ne yake ɓulɓulowa da ƙarfinsa ta tsagar daɓe in an yi ruwan sama, ifoksi ba zai riƙe ba, ruwan zai ɗaga shi. Wannan sai a fasa daɓen a sa leda a sake zubawa, ko a koma tayil na ƙasa.

Ɗanjuma Ajah: Ranku ya daɗe, bari in shigo da tawa tunda ta yi kama. Sabon gini ne a Ajah, hawan ƙasa. An yi daɓe mai kaurin santimita 5 sati uku da suka wuce. Mai aiki ya ce in ya cika kwana 28 za a iya shimfiɗawa. Layinmu kuma yana tara ruwa in an yi mamako.

Baba Tanko birkila: Kwana 28 na ƙarfin siminti ne, ɗana, ba na bushewa ba. Abu biyu ne daban.

Injiniya Bala: Haka ne. Lissafin da aka saba shi ne kwana ɗaya ga kowace milimita har zuwa 40, abin da ya haura nan ya fi jinkiri. Daɓen milimita 50 wata biyu ke nan, kuma wannan a wurin da iska ke da sauƙin laima ne. A Ajah da damina ka ƙara. Kankaren da ke ƙarƙashinsa in shi ma sabo ne, watanni yake ɗauka. Ka buɗe tagogi, ka sa fanka, kada a jibge kaya a kan daɓen, ka gwada kafin ka yanke rana.

Baba Tanko birkila: Ni dai in ruwa na shigowa ɗaki, ko sau ɗaya a shekara, shawarata tayil na ƙasa, mai ƙarfin nan na fosilin. Akwai masu zanen katako dogaye a kasuwar Odunade ta Orile, a ido ba ka rabewa. Ruwa ya shigo a kwashe, a wanke, a ci gaba da zama. Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. An guji katako don gara da ruɓewa, a zo a sa abin da zai ɓoye ruwan kwata a ƙarƙashinsa.

Malam Habu mai kaya: Baba, ina da ja kaɗan. SPC in ruwa ya shiga ana iya warware shi, a wanke allunan, a shanya, daɓe ya bushe a mayar. Ba asara ba ce gaba ɗaya kamar laminet ko kafet.

Oga Sale mai shimfiɗa: A baki da sauƙi, Malam Habu. Sai an fitar da gado da kujeru da wadirof, an ɓamɓare sikatin, an sa wa kowane allo lamba a baya don ya koma mazauninsa. Wajen warwarewa haƙoran gajeren gefe suna karyewa in ba zamewa aka yi da su a kwance ba, kuma yawancin yaran aiki ɗagawa suke yi sama. Soson baya in ya sha ruwan kwata warinsa ba ya fita da wuri. Wanda zai yi wannan duk shekara, gara ya bi maganar Baba. Ɗanjuma, ka sa fosilin a ƙasa, in akwai bene ka kai LVT can.

Malam Habu mai kaya: Ga gidan da ruwa ke shiga duk shekara na sallama. Ga wanda bututu ne ya fashe sau ɗaya, maganata tana nan.

Anti Zulai: Sannunku da ƙoƙari. Ni ta ɓangaren zaman gida zan yi magana, don akwai abubuwan da muke yi a ɗakunanmu da masu kayan ba su rubuta a kwali ba.

Na farko turaren wuta. Roba ce fa. Garwashi ɗaya ya faɗo daga kasko ya huda fatar nan take, ya bar baƙin tabo mai rami, ba ya gogewa. Gindin kaskon kansa in ya ɗauki zafi yana barin zobe. A samu faranti na ƙarfe mai ƙafa ko guntun tayil mai faɗi a riƙa ɗorawa. Haka dutsen guga in ana guga a ƙasa, haka tukunyar da aka sauke daga wuta.

Na biyu turmi. Kada a yi daka a kan kilik, ko da an sa tsumma. Bugun taɓarya kai tsaye yake sauka a kan gaɓa.

Na uku, wanda mutane ba su sani ba: baƙar roba ba ta shiri da wannan kayan. Darduma ko abin goge ƙafa mai bayan roba, tayar keken yara, ƙafar kujera mai robar taya, in sun daɗe a wuri ɗaya suna barin tabo rawaya ko ruwan ƙasa. Ba datti ba ne, sinadarin robar ne ya ratsa cikin fatar, babu sabulun da ke fitar da shi. A nemi shimfiɗa mai bayan auduga ko zare. Lalle da rinin gashi su ma in sun zuba a goge nan take. Kananzir da fetur na janareta kada su kusance shi.

Maman Ilham: Anti, wannan ta turaren ta taɓa ni. To wanki fa? Mun saba da zuba ruwa da omo a tsane da tsintsiya.

Anti Zulai: Wannan kam a daina. Shara kullum da tsintsiya mai laushi, don yashi shi ne babban maƙiyinsa. Yashin da takalmi ke kwasowa kamar sanfefa yake a kan fatar. A sa abin goge ƙafa a waje da ƙofa da kuma ciki. Mofa a matse ta sosai, da ɗan sabulun ruwa marar kaifi. Ba bilic tsagwaronsa, ba soson ƙarfe, ba garin goge tukunya, ba injin tururi. Garin sabulu in ya yi yawa yana barin dusu-dusu mai kama ƙura. Ƙafafun kujeru a manna musu ƙyallen ulu. Firji da firiza ba a ja, a shimfiɗa falle na filawud a turo a kai.

Launi kuma, ga shago ki guji baƙi wuluk da fari fat. Baƙi yana nuna ƙura da karce, fari yana nuna sawu. Ruwan zuma ko toka-toka mai zane sun fi rufa asiri. Ki zaɓi mai ɗan kaushi, in da lambar santsi ki nemi R10, saboda masu shigowa da jiƙaƙƙen takalmi da damina.

Oga Sale mai shimfiɗa: Bari in ba da tsarin aikin don ki iya tsayawa a kan mai yi.

A kawo kaya a kwantar da kwalayen a ɗakin da za a yi aikin awa 48, a kwance, kada a jingina su a bango, kada a ɗora fiye da biyar ko shida. Masu kayan sukan ce zafin ɗaki ya kasance digiri 18 zuwa 27. A Legas ɗakin da ba na'urar sanyaya ɗaki yakan haura haka, to abin lura shi ne a shimfiɗa a yanayin da za a zauna. In shagon zai riƙa shan sanyi, a kunna tun kafin aiki. Allon da aka manna alhali yana da zafi, in sanyi ya kama shi yana tsukewa, sai ki ga siririn layi a kan kowace gaɓa.

Na kilik: a kan siminti ko tarazo a shimfiɗa leda mai kaurin milimita 0.2, bakinta ya hau juna santimita 20, a liƙe. In allon na da soso a baya kada a ƙara wani soson, laushi in ya yi yawa haƙori ke karyewa. A bar tazarar milimita 6 zuwa 10 a jikin kowane bango da ginshiƙi da bututu, sikatin ne zai rufe ta. Sikatin a bango ake kafa shi, ba a jikin allon ba. Gindin firam ɗin ƙofa in na katako ne a yanke shi allon ya shige ƙarƙashi. Gaɓar wannan layi ta yi nesa da ta layin kusa aƙalla santimita 20 zuwa 30, kuma kada a sa guntun da bai kai 20 ba a ƙarshen layi. A riƙa ɗebo alluna daga kwali uku ko huɗu ana gaurayawa don zanen ya watsu. Gudumar roba ake amfani da ita, da ɗan katakon bugu, ba hamar kafinta ba. Kabad ɗin kicin da wadirof na jikin bango a fara kafa su, a zagaye su da allo. In an danne shimfiɗar da su ta rasa wurin motsi, sai ta yi tozo a tsakiyar ɗaki. A kowace ƙofa a raba da ƙarfen gaɓa, kada a zarce da gida gaba ɗaya a shimfiɗa ɗaya. A duba ƙofofi ma, za a ƙara kusan milimita 5 a ƙasa, wasu sai an rage musu gindi.

Na gam: a ja layi a tsakiyar shago a fara daga nan, don yankan gefe biyu ya zo daidai. Gam na LVT ake saye, na ruwa, ba wanda kafintoci ke manna fomeka da shi ba. Wancan gam ɗin, man da ke cikin robar yana narka shi daga baya, ga wari mai hawa kai. A shafa da cokali mai ƙananan haƙora, lambar A2. A jira minti 10 zuwa 20 ya fara kama yatsa, gwargwadon abin da aka rubuta a bokitin. Kada a shafa fiye da abin da za a iya rufewa kafin ya bushe. Sannan a bi da rola mai nauyin kilo 45 zuwa 68, tsaye da kwance. Mai aikin da ya zo ba rola, ya ce zai taka da ƙafa, ki sallame shi. Awa 24 ba a ɗora kaya, kwana biyu zuwa uku ba a sa ruwa.

Injiniya Bala: A ƙara da maganar rana. In gaban shagon gilashi ne kuma rana na dukan ƙasa kai tsaye, allo mai duhu yana iya haura digiri 50. Gam na yau da kullum yana saki a wannan zafin, bakin allo ya miƙe. Wannan yankin a sa gam mai jure zafi ko mai haɗi biyu, a kuma sa rumfa ko labule. Rana tana koɗar da launi a hankali, ko wane iri ne.

Maman Ilham: Allah ya saka. Saura lissafi, kada a yi min cuwa-cuwa a yawan kaya.

Malam Habu mai kaya: Ga misali. Ɗaki ƙafa 12 da 12 murabba'in mita 13.4 ne. Allon da aka fi samu tsawonsa milimita 1220, faɗinsa 180, in guda 10 ne a kwali ya ba da kusan 2.2. Ki ƙara kashi 10 cikin ɗari na yanka, ya zama 14.7, kwali 7 ke nan. In saƙar ƙashin kifi za a yi, ƙarin ya kai kashi 15. Shagon 40 ya zama 44, sai a raba da abin da aka rubuta a kwalin na gam, don shi adadinsa daban ne.

Simintin lebul yana cin kusan kilo 1.7 a kowane murabba'in mita a kaurin milimita ɗaya. Shago 40 a kauri 3 ya kama kilo 204, buhu 11 ke nan na kilo 20, in daɓen na da ramuka ya fi haka. Gam kamar giram 300 a murabba'in mita, wato kilo 12 zuwa 14. Ruwan kwaɓa simintin lebul a auna shi yadda aka rubuta a buhu. In aka tsinka shi don ya yi auki, samansa gari yake zama, gam ya kama gari maimakon daɓe.

Ki sayi kayan gaba ɗaya rana ɗaya, ki duba lambar bugu a kowane kwali ta zama ɗaya. Kwantena ake shigowa da su, zane ɗaya daga bugu biyu yakan bambanta a launi, kuma wanda kika saya yau ba lallai ki same shi bayan wata shida ba. Ki ajiye kwali ɗaya cikakke a ƙarƙashin gado, a kwance.

Ɗanjuma Ajah: Malam Habu, ta yaya mutum zai gane mai kyau a hannu, tunda kwali kowa na iya buga abin da ya ga dama?

Malam Habu mai kaya: Ka sa a buɗe sabon kwali a gabanka, ba samfurin da ke rataye ba. Shinshina: in wari mai kaifi ya buge ka kamar ƙonanniyar taya, ka bar shi, alamar tarkacen roba ce aka sake narkawa. Dubi cikinsa ta gefe. Na sabon sinadari yawanci fari ne ko ruwan madara, mai baƙi da ɗigo-ɗigo abin tuhuma ne. Danna haƙorin da babban yatsa, in ya ɓalle kamar biskit garin farar ƙasar ya yi yawa. Haɗa allo biyu ka ɗaga su a hasken rana, kada ka ga haske ta gaɓa, kada farce ya ji tudu. Ja makulli a fuskarsa da matsakaicin ƙarfi. Jera alluna goma ka ƙirga sau nawa zane ɗaya ya maimaitu, in kowane na uku iri ɗaya ne, a ƙasa zai nuna. Ka kuma ɗora kwalin a sikeli: SPC mai milimita 4 yana kai kusan kilo 8 a murabba'in mita, kwalin 2.2 ya doshi kilo 17 zuwa 18. In ya gaza sosai, ko kaurin bai cika ba ko adadin.

Injiniya Bala: Ka nemi takardar bayanin kayan daga kamfanin da ya yi shi. A ciki za ka ga kaurin fata, da aji, da matsayin gobara, wanda ake so ya zama Bfl-s1 ga wurin jama'a. Ga ɗakin yara masu rarrafe, shaidar FloorScore tana nuna an gwada iskar da kayan ke fitarwa. Garantin shekara 15 ko 20 da ke jikin kwali kuma yana da sharuɗɗa, kuma laimar daɓe na cikin abubuwan da ke soke shi.

Maman Ilham: To ga abin da na tsayar, ku gyara min. Gida: kilik, fata 0.3 a ɗakuna, 0.5 a falo da koridor. Banɗaki a bar tayil ɗinsa. Shago: gwajin leda tukuna, in ya wuce a yi lebul a sa na gam 0.55, aji 33.

Oga Sale mai shimfiɗa: Daidai, sai dai gidan ki sa iri ɗaya ko'ina, 0.5, in aljihu ya ɗauka. Ragowar yankan wannan ɗaki ya shiga wancan, kwalin ajiya ɗaya ya wadatar, tsayin ƙasa kuma ya zo ɗaya a bakin ƙofofi.

Baba Tanko birkila: Ledar gwajin a sa ɗaya a lungun kwatar, ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a tsakiya, ɗaya a inda kanta ta daɗe a ajiye. A ƙwanƙwasa daɓen ma da guduma ko'ina, inda ya yi ƙarar ganga ya rabu da kankare, sai an fasa wurin an sake. A liƙa ledar washegarin ruwan sama mai ƙarfi, a bar ta kwana uku, ki ɗauko hoton cikinta da na simintin ki turo mu gani.